'Yan Bindigar Sarki: Tarihin Doguwar Bindiga Daga Kano Zuwa Kabul



Akwai wata kalmar Hausa da ma'anarta ta juya a 'yan shekarun nan, har yaranmu da suka tashi nan Doha ba su san tsohuwar ma'anarta ba. Kalmar ita ce 'yan bindiga. Yau duk yaron da ya ji ta a rediyo ko a wayar mahaifinsa, ba abin da zai zo masa a rai sai mutanen daji masu satar shanu da satar mutane a Zamfara da Katsina. To amma in aka nuna wa wannan yaron hoton hawan Sallah na Kano, ya ga wasu mutane a gaban sarki riƙe da dogayen bindigogi, hayaƙi ya turnuƙe su, ya tambaya su wane ne, amsar da zai samu ita ce: 'yan bindiga ne. Dole kansa ya ɗaure.

Shi ya sa na ga ya dace mu yi bayanin wannan doguwar bindiga a shafinmu na wannan karo: yadda take aiki, yadda ta shigo ƙasar Hausa, da su wa aka damƙa wa amanarta. Zan kuma kai ku tsaunukan Afganistan, inda 'yar'uwarta ta yi suna a hannun ƙabilar Fashtun, mutanen da muke zaune da jikokinsu a wannan gari, muke haɗuwa da su a masallaci da gidan burodi.

Sunan daga ina?

Tunda makarantarmu ta Larabci ce, bari mu fara da kalmomi. Bindiga daga bunduƙiyya ta samo asali. Bunduƙ a Larabci wani ɗan itace ne mai kwasfa, ɗan mulmulalle, sai aka ara sunansa aka sa wa 'yan dunƙulen da ake harbawa. Albarushi daga albarud ne. Harsashi kuwa daga arrasas, wato dalma, domin da dalma ake yin sa. Kun ga ke nan kalmomi uku sun nuna mana cewa ta hanyar masu jin Larabci Bahaushe ya fara sanin wannan makami.

Bahaushe kuma ya raɗa mata nasa sunaye. Wasu su ce bindigar toka, wasu su ce adaka, wasu kuma harba-ka-ruga. Wannan na ƙarshe ku riƙe shi, za mu ga dalilinsa. A nan yankin Larabawa ana kiran tsohuwar irinta Abu Fatila, wato mai lagwani, kuma wannan fatila ita ce Bahaushe ya mayar fitila. Fashtun kuwa suna kiran tasu jazail.

Yadda take aiki

Duk waɗannan bindigogi ta baki ake ɗura su. Mai ita zai tsayar da ita a ƙasa, ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma ko ɓawon itace, ya saka dalma, sannan ya ɗauko doguwar sanda ya daddanna. A gindin bututun akwai wata 'yar ƙofa kamar ta allura, a nan ake zuba ɗan albarushi kaɗan wanda zai kai wuta ciki.

Wutar kuwa iri biyu ce a da. Tsohuwar hanya ita ce ta lagwani: igiya ce da ake kunna wa wuta tana ci a hankali, in an ja kunama sai ta sauko ta taɓa albarushin. Daga baya aka samu ta ƙanƙara, mai aiki kamar ƙyastun da kakanninmu ke kunna wuta da shi. Dutsen ƙanƙara ya bugi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi, sai ka ji ƙara.

To me ya sa take da tsawo haka, har wata ta kai mita ɗaya da rabi ko fiye? Albarushin da, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani irin gishiri, ba ya ƙonewa gaba ɗaya nan take, balle in mai tsakuwa-tsakuwa ne irin wanda fatake ke kawowa. In bututun gajere ne, harsashi zai fita tun albarushin bai gama ci ba, ƙarfin ya tafi a banza. In dogo ne kuwa, albarushin zai yi ta tura harsashin har ya kai baki. Tsawon kuma yana taimaka wa ido wajen saiti.

Amma tana da aibu guda uku. Na farko jinkiri: sojan da ya sha horo sosai shi ne ke iya harbi biyu ko uku a minti guda, alhali mai baka ya riga ya saki kibau da yawa. Na biyu, ba ta shiri da damina, domin albarushi in ya jiƙe ya zama taɓo. Na uku, takan juya wa mai ita. In an cika mata ciki, ko bututun ya tsufa, sai ta fashe a hannu. An ruwaito cewa Sarkin Gobir Yunfa ya taɓa nufin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da bindiga a Alƙalawa, sai wutar ta dawo ta ƙone shi.

Shigowarta ƙasarmu

Borno ce ta riga kowa a yankinmu. A ƙarni na 16, Mai Idris Aloma ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi, ya sa suka horar da bayin gidansa. Limaminsa, Ahmad ibn Fartuwa, shi ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa, kuma da Larabci ya rubuta, irin Larabcin da kuke koyo a aji. A yamma kuma, a shekarar 1591, rundunar Maroko ƙarƙashin Judar Basha ta ƙetare Sahara da bindigogi ta karya daular Songhai a Tondibi, duk da cewa mayaƙan Askiya sun ninka su yawa.

A Kano, tsohon littafin Tarihin Kano ya nuna cewa an shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743. Ya kuma nuna cewa Sarki Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa, kuma al'adar ta ɗore bayansa. Ku duba lissafin da kyau: 'yan bindigar da ke gaban Sarkin Kano ran Sallah sun gaji aikin da ya kai shekara 250.

Hanyoyi biyu bindiga ke bi ta iso mu. Ta arewa, ayarin raƙuma ke kawo ta daga Tarabulus, ta Gadamas da Agadas. Ta kudu kuma, daga bakin teku take hawowa ta ƙasar Yarbawa da Nufe. Irin ta kudun nan Turawa sun sa mata sunan mutanen Danmak, domin 'yan kasuwar ƙasar ne suka shahara da sayar da ita a gaɓar Gana ta yau, ko da yake yawancinta a birnin Bamingam na Ingila da Liyej na Beljiyam ake ƙera ta. Sarakunan da ke kan hanya ba su cika son ta wuce su ba, don ba mai ba maƙwabcinsa sandar da zai doke shi. Saboda haka ta yi tsada a ƙasar Hausa, ta kuma yi ƙaranci.

Me ya sa ba ta kori doki da baka ba?

Mutum zai zaci da zuwan bindiga sai kowa ya jefar da mashi. Ba haka aka yi ba. A yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, 'yan baka ne ƙarfin jama'ar Shehu, su suka tarwatsa dawakin Gobir. Bayan shekara 22, a 1826, wani Bature mai suna Kilafatin ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa garin Konya na Gobirawa. Ya ƙiyasta mayaƙan sun kai 50,000, amma bindigogin da ya ƙirga 42 ne kacal, 41 a hannun Kanawa, ɗaya a hannun Zazzagawa. Ya kuma lura cewa duk wanda ya harba sai ya ruga da gudu inda kibiya ba ta kaiwa, ya sake ɗuri. Ga harba-ka-ruga nan kun gani da idonku.

Dalilin a fili yake. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Mai doki in ya zaburo, kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri na biyu ya riga ya iso kansa. Ga shi kuma albarushi mai kyau da ƙanƙara sai an sayo daga nesa, alhali gora da ƙarfen kibiya da dafi duk suna nan a gida. Babban amfanin bindiga a lokacin shi ne tsare ganuwa da razana dawakin da ba su saba da ƙara ba.

Sai a rabin ƙarni na 19 na biyu ta fara yawa. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a cikin birninsa. Sarkin Kano Alu, 1894 zuwa 1903, ana masa laƙabi da Mai Sango, sango kuwa wani ɗan mashi ne da maharban giwa ke cusawa a bakin bindiga su harba. A Borno, Rabeh ya ci ƙasar a 1893 da ƙarfin bindiga.

Abin da nake so ku riƙe a nan shi ne wannan: a masarautunmu bindigar yaƙi kayan fada ce. A gidan sarki ake ajiye ta, amintattun bayin sarki ake damƙa wa, suna da shugabanni, kuma ba a harba ta sai da umarni. Bayan su sai maharba, waɗanda su ma suke da sarkinsu da dokokinsu, kowa a gari ya san gidansu. Ɗan bindiga a wancan zamani mutum ne da aka sani, aka kuma yarda da shi.

Jazail ta Fashtun

Yanzu mu tsallaka gabas, mu ga yadda bindiga iri ɗaya ta yi aiki dabam a wata ƙasa dabam. Fashtun suna zaune ne a kudu da gabashin Afganistan da arewa maso yammacin Pakistan, ƙasa mai tsaunuka da ƙuntatattun mashigai. A irin wannan wuri doki ba ya zabura. Wanda ya hau kan dutse ya laɓe, yana da lokacin da zai ɗura bindigarsa a natse, ba mai iso shi. Aibun jinkiri ya ragu ke nan, amfanin tsawo kuma ya fito.

Maƙeransu na gida ke ƙera jazail. Tana da lanƙwasasshiyar ƙota kamar lauje, ana ɗaure bututun da zobban tagulla, a yi mata ado da ƙashi ko ɓawon kifin lu'ulu'u, irin wanda mutanen Katar suka sani tun zamanin nutso. Saboda nauyinta, wasu kan ɗora ta a kan 'yar gwafa mai ƙafa biyu. Da yawansu an yi musu zanen murɗe a cikin bututu, wanda ke sa harsashi ya riƙa juyawa yana tafiya, ya miƙe sak. Wani abin mamaki, sau da yawa ƙarfen ƙyastun da ke jikinta daga bindigogin Ingilishi aka ciro shi aka dasa.

An ga aikinta a yaƙin farko tsakanin Ingila da Afganistan, daga 1839 zuwa 1842. Bindigar sojan Ingila ta lokacin an yi ta ne don a jeru sahu-sahu a fili a yi harbi tare, kuma in abu ya wuce mita 100 ba ta da tabbas. Gwanin jazail kuwa yana samun abin da ke nesa ninki biyu ko uku. Ranar 6 ga Janairu, 1842, rundunar Ingila ta bar Kabul cikin dusar ƙanƙara ta nufi Jalalabad, tafiyar kilomita wajen 140. Sojoji kimanin 4,500 ne, yawancinsu 'yan Indiya, da mabiya kimanin 12,000. Mutanen Gilzai, wani babban reshe na Fashtun, suka tsare mashigai suna harbi daga sama, na ƙasa kuwa harsashinsu ba ya kaiwa. Cikin mako guda rundunar ta ƙare. Ranar 13 ga wata, Bature ɗaya ne ya iso Jalalabad a kan doki, likita mai suna Biraidon. An kama wasu, wasu 'yan Indiya kaɗan sun iso daga baya. Kada kuma mu manta cewa a cikin mabiyan nan akwai mata da yara da masu dafa abinci, kuma sanyi da yunwa sun kashe da yawa. Yaƙi ko na wa ne, talaka ke shan wuyarsa.

Ga wani bambanci babba tsakaninsu da mu. A wurin Fashtun kowane magidanci yana da tasa bindigar, uba ya bar wa ɗa. Wannan ya sa baƙo bai taɓa jin daɗin mulkinsu ba. Amma ya sa kuma gabar da ta taso tsakanin gida biyu kan gona ko ruwa takan daɗe ana ramuwa, kaka ya fara jika ya gada. Kowace hanya da ribarta da kuma kuɗin da ake biya.

Yadda zamaninta ya wuce

A ƙarshen ƙarni na 19 aka samu bindigogin da ake sa wa harsashi ta baya, masu sauri da nisa. A nan ne wannan teku da muke zaune a gaɓarta ta shigo cikin labarin. Daga shekarun 1890, Maskat ta ƙasar Oman ta zama babbar kasuwar makamai. Jiragen katako su ɗauko su tsallaka zuwa gaɓar Makran, ayarin raƙuma su kai tsaunukan Fashtun. Da haka jazail ta koma rataye a bango. Abin ya dami Ingila har ta sa jiragen yaƙinta tsare teku, kuma yarjejeniyar da ta ƙulla da Shaikh Abdullah bin Jasim Al Sani a 1916 ta ƙunshi batun hana fataucin makamai ta Katar.

Mu kuwa a ƙasar Hausa labarin ya sha bamban. A 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a Burasal, suka amince a hana sayar wa yawancin Afirka sababbin bindigogi, a bar musu tsofaffin masu ƙanƙara. Su kuma suka zo da bindiga mai ruwa, wadda ke zubar da harsashi wajen 500 a minti guda. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Kanar Molan ya shiga Kano da sojoji sama da 700, lokacin Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Ranar 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi. Ranar 27 ga Yuli Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a waɗannan wurare. Abin da ya faru shi ne an bar mu da makamin jiya, an zo mana da na gobe.

Aikinta a yau

Doguwar bindiga ba ta mutu ba, aiki ta sauya. A garuruwanmu da dama, da ita ake sanar da ganin watan azumi da na Sallah. Tsofaffi za su gaya muku cewa kafin rediyo ya yawaita, da an ji an buga bindiga daga fada an san gobe me za a yi. Wannan daidai yake da igwar shan ruwa da kuke zuwa kallo a Suk Waƙif da azumi. A Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, 'yan bindiga ke sanar da fitowar sarki, kuma albarushi kawai suke ɗurawa, ba dalma. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Ba mu kaɗai ba ne. Ranar 18 ga Disamba, ranar ƙasa ta Katar, za ku ga maza a sahu suna arda da takubba da bindigogi. A yankin Ɗa'if na Saudiyya akwai wasan ta'ashir, inda mutum zai yi tsalle ya harba doguwar bindiga ƙarƙashin ƙafarsa. A Maroko akwai taburida, mahaya su zaburo tare su harba tare, kamar ƙara ɗaya. Maharbanmu ma suna nan. A ƙarshen 2014 maharban Adamawa da bindigoginsu na toka suna cikin waɗanda suka taimaka wa sojoji ƙwato garin Mubi.

Mutanen daji da ke addabar ƙauyukanmu kuwa ba wannan bindiga suke riƙewa ba, kuma ba wannan gado suka gada ba. AK-47 suke riƙewa, mai cin harsashi 30 a ɗuri ɗaya, ba sarki a kansu, ba wanda ya ba su amana. Suna kawai suka ara. Bai kamata mu bar musu shi ba.

Kira ga ɗalibai da iyaye

Ya ku iyaye, mu da ke zaune a Nu'aija da kewaye muna da damar da ba kowa ke da ita ba. Gidan tarihi na Shaikh Faisal bin Ƙasim Al Sani da ke Samriyya, yamma da Doha, yana da tarin tsofaffin makamai. Ku kai yaranku ran hutu. Ku sa su nemo wurin lagwani ko ƙanƙara, su nemo sandar ɗuri, su faɗi sunan kowane abu da Larabci da Hausa. In kuma kuna kallon hawan Sallah tare, ku tsaya ku gaya musu su wane ne waɗancan masu hayaƙi, da tun yaushe suke wannan aiki.

Ya ku ɗalibai, in kuna da aboki Bafashtune a aji ko a unguwa, ku tambaye shi ko ya san jazail, ku kuma ku ba shi labarin Babba Zaki. In kun je hutu gida kuka ga irin wannan bindiga a ɗakin kaka ko a hannun maharbi, kada ku taɓa. Takan shekara da ɗuri a cikinta ba wanda ya tuna, kuma tsatsa ba ta kashe albarushi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa ne. Dokar Najeriya da ta Nijar da ta Katar duk sun ɗora riƙe bindiga a kan izinin hukuma.

Allah Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya dawo da ranar da in an ce ga 'yan bindiga nan tafe, yara za su fito kallo maimakon gudu. Amin.